Yadda A Ke Sa Mahaɗan Bodin Mota Cikin Lissafi

Duk wanda ya taɓa sa riga har ta tsufa ya san inda ta kan fara yagewa: bakin ɗinki, ko hammata, ko bakin aljihu. Da wuya ka ga ta fara daga tsakiyar ƙyalle. To, bodin mota ma haka ya ke. A cikin wannan darasi ina so in bayyana wa 'yan'uwana malamai da ku ɗalibai, musamman 'yan ajin lissafi da na aikin ƙarfe, yadda injiniyoyi su ke sa waɗannan wurare na haɗi cikin lissafin kwamfuta tun ba a ƙera motar ba. Zan riƙa kiran kowane irin wurin nan mahaɗi, ko na walda ne, ko na noti, ko na ribiti, ko na gam.

Bari mu fara duban bodin kansa. In aka tuɓe wa ƙaramar mota inji da ƙafafu da kujeru da gilasai, abin da ya rage ƙwarya ce ta fallayen ƙarfe 300 ko fiye, waɗanda aka danna da inji kowane ya ɗauki siffarsa. Yawancinsu kaurinsu bai wuce milimita 1 ko 2 ba, waɗansu ma ba su kai 1 ba. A da a kan ƙera shasi dabam mai kauri, sa'an nan a ɗora bodi a bisansa, kamar yadda har yanzu a ke yi wa manyan motocin kaya. Amma tun daga irin motar nan Traction Avant da kamfanin Citroën na Faransa ya fitar a 1934, ƙananan motoci suka yi ta barin wannan hanya, har ya zamana bodin shi ne shasin kansa. Watau duk wata jijjiga ta hanya, da nauyin fasinja, da bugun karo, a kan fallayen nan marasa kauri su ke sauka, kuma tilas su bi ta mahaɗai kafin su ƙetare daga wannan falle zuwa wancan.

Abin da ya fi yawa cikin mahaɗan nan shi ne ɗigon walda. A kan matse fallaye biyu tsakanin bakuna biyu na jan ƙarfe, a saki wutar lantarki mai yawa ta ratsa su na ɗan lokacin da bai kai sakan ɗaya ba. Ƙarfen da ke tsakani ya narke, ya daskare, ya zama ɗan dunƙule kamar ƙwayar wake da aka latse. Wani Ba'amurke, Elihu Thomson, shi ya fito da dabarar walda da zafin lantarki a 1886. A fallen da kaurinsa milimita 1 ne, faɗin dunƙulen nan milimita 4 ne zuwa 5. Mota guda kuwa tana ɗauke da irinsa tsakanin 3,000 da 5,000. In kun ɗaga robar bakin ƙofar kowace mota za ku gan su a jere, kamar sawun yatsa a kan tuwo.

Yanzu sai lissafin. Ba wani malamin lissafi a duniya da zai iya rubuta ƙa'ida guda wadda za ta faɗi yadda bodin mota zai lanƙwashe, gama siffarsa ta cika lungu da saƙo. Amma ɗan falle mai kusurwa huɗu ko uku, wannan an san ƙa'idarsa sarai. Saboda haka sai a ka yi dabara: a shimfiɗa wa hoton bodin raga, kamar ragar masunta, a raba shi gutsure gutsure. Kowane idon raga gutsure ne guda, kowane ƙulli na ragar kuwa shi ne inda gutsattsari maƙwabta su ke riƙe da juna. Kwamfuta ta rubuta ƙa'idar kowane gutsure, ta tara su duka, ta warware su gaba ɗaya, ta faɗi nisan da kowane ƙulli ya gusa da irin wahalar da ƙarfe ya ke sha a kowane wuri. Wannan shi na ke kira lissafin gutsattsari. Richard Courant ya nuna tushensa a 1943, injiniyoyin jirgin sama na kamfanin Boeing tare da Ray Clough suka bayyana yadda a ke aiki da shi a 1956, Clough kuma shi ya raɗa masa sunan da a ke kiransa da shi a 1960. Daga jiragen sama ya gangaro wa masu ƙera motoci.

Ga inda maganarmu ta ke. Kwamfuta ba ta san falle biyu suna manne ba sai an gaya mata. A cikin lissafi ba a zana falle da kaurinsa, a kan zana shi kamar takarda a daidai tsakiyar kaurin, a rubuta kaurin a gefe da lamba. Don haka fallaye biyu da ke kwance a kan juna a cikin mota, a cikin kwamfuta akwai 'yar tazara tsakaninsu, ba abin da ya haɗa su. In aka bar su haka aka tura ɗaya, sai ya ratsa ɗayan ya wuce kamar aljani ya ratsa bango. Tilas injiniya ya yi abu biyu. Ya gaya wa kwamfuta cewa waɗannan fuskoki ba su ratsa juna, sa'an nan ya sa wani abu a gurbin kowane ɗigon walda wanda zai yi irin aikin da ɗigon ya ke yi.

Wani ɗalibi ya iya cewa, ai da sauƙi, a haɗe fallayen gaba ɗaya kamar abu guda, a huta. Bari mu gwada da ɗan lissafi. A ce ga sanduna biyu an haɗa su baki da baki, an rataya musu kaya. Ta farko ta miƙe da milimita 1, ta biyu ma ta miƙe da milimita 1, mahaɗin da ke tsakaninsu kuma ya ba da kai da milimita 1. Jimla 3 ke nan. Wanda ya ɗauka mahaɗin ba ya motsi ko kaɗan zai sami 2, ya ce abin ya fi yadda ya ke tauri da rabi. Ku lura kuskuren nan a gefen da ke faranta rai ya ke, gama yana gaya wa mai ƙira kayansa sun fi yadda su ke kyau. Ni a ganina irin wannan kuskure ya fi kowane haɗari, don ba mai komawa ya bincike lissafin da ya ba shi abin da ya ke so.

Hanyar farko da aka bi ita ce a ɗauki ƙulli guda na fallen sama da ƙulli guda na fallen ƙasa a haɗa su da 'yar sanda wadda aka ce wa kwamfuta ba ta miƙewa, ba ta lanƙwasa. Tana da arha, amma tana da aibi biyu. Na farko, tilas ragar sama da ta ƙasa su dace ƙulli bisa ƙulli a duk inda walda ta ke, in kuwa mai ƙira ya matsar da ɗigo guda da faɗin yatsa, sai a sake saƙa ragar wurin. Ku tuna ɗigon nan dubbai ne. Aibi na biyu shi ya fi ban mamaki, kuma ina roƙon 'yan ajin lissafi su tsaya a kansa. Ɗigon walda na gaskiya yana da faɗi, yana raba nauyi a kewayensa. Ƙulli kuwa ba shi da faɗi ko kaɗan, kamar tsinin allura ya ke. In ka ɗora nauyi a kan abin da ba shi da faɗi, ka raba nauyin da sifiri ke nan. A ko'ina cikin lissafin gutsattsari, in aka ƙara wa raga ƙanƙantar ido amsa ta kan daɗa matsowa kusa da gaskiya. A nan kuwa sai ta juye. Ƙara ƙanƙanta idon raga, ƙara ganin mahaɗin ya yi laushi, wahalar ƙarfe a wurin kuma ta yi ta hawa ba iyaka. Mutum biyu su lissafta mota guda, ɗaya da raga mai idon milimita 10, ɗaya da mai idon milimita 5, su sami amsa biyu, alhali ba wanda ya yi kuskuren tarawa ko ɗebewa.

Daga nan aka koma ga hanyar da ta fi yaɗuwa yanzu. A kan sa ɗan dunƙule mai fuska shida, kamar ƙwayar sukari, a cikin tazarar da ke tsakanin fallayen, girmansa daidai da na ɗigon waldar. Daga kowace kusurwarsa a miƙa zarurruka zuwa ƙulle-ƙullen raga da ke kusa, kamar saƙar gizo, su raba nauyin a tsakaninsu. Ta haka ɗigon ya sami faɗi, kuma ba ruwansa da inda ƙullin raga ya faɗo. Injiniya sai ya ba kwamfuta jerin wuraren walda kamar yadda za a ba injin masana'anta, ita kuma ta dasa su duka cikin ɗan lokaci. Zarurrukan nan iri biyu ne, kuma sabon shiga ya kan rikita su. A cikin Nastran, wanda hukumar sararin samaniya ta Amurka ta sa aka fara rubutawa a shekarun 1960, ana kiran ɗaya RBE2, ɗaya RBE3. Na farkon yana ƙage duk ƙulle-ƙullen da ya taɓa su zama kamar dutse guda. Na biyun rabon nauyi kaɗai ya ke yi, ba ya ƙara wa falle tauri. A hoton da ke fuskar kwamfuta kamanninsu ɗaya. In aka sa na farko a inda na biyu ya kamata, sau dubu huɗu, bodin zai fito da taurin da ba shi da shi.

Wanne ne daidai cikin hanyoyin nan? Ni dai abin da na kan gaya wa 'yan ajina shi ne, a fara tambayar mai lissafin abin da ya ke nema. Tambaya uku a kan yi wa bodin mota, kuma kowace da irin ɗigon waldar da ya dace da ita.

Ta farko ita ce tauri: in ƙafa ɗaya ta faɗa rami, yaya bodin zai murɗe, kuma da wane sauri zai riƙa karkarwa? A nan ba a damu da tsinkewar walda ba, ana son ta ba da kai daidai gwargwado kaɗai. Wannan ita ce mai sauƙi, kuma ana iya gwada ta a fili: a ɗaure bayan bodi, a ɗaga gefe ɗaya na gaba da jak a danne ɗayan, a auna yadda ya murɗe, a gwama da abin da kwamfuta ta faɗa.

Ta biyu ita ce gajiyar ƙarfe. Kowa ya san in ka yi ta lanƙwasa waya gaba da baya za ta karye ko da ba ka ja ta da ƙarfi ba. A ɗigon walda, tsaga ta kan fara ne a bakin dunƙulen, can ciki tsakanin fallayen biyu inda su ka rabu kamar bakin almakashi, ta yi ta cin kaurin fallen a ɓoye, sai ta kusa gamawa ta bayyana a waje. Raga mai idon milimita 5 ba ta iya ganin wannan ɗan lungu. Saboda haka Rupp da abokan aikinsa a Darmstadt ta ƙasar Jamus suka bayyana wata dabara a 1995: kada a tambayi kwamfuta wahalar ƙarfe a bakin ɗigon, a tambaye ta ƙarfin ja da na murɗi da ke ratsa ɗigon kawai, gama wannan ta kan faɗe shi daidai ko da raga ba ta da ƙanƙantar ido. Sa'an nan a ɗauki lambobin a sa su cikin ƙa'idar faifai mai da'ira, a fitar da wahalar, a gwama da sakamakon 'yan fallayen gwaji da aka yi ta jijjigawa a inji har suka tsage. Wannan dabara tana burge ni ƙwarai, don ta san iyakar abin da raga ke iya gani, ba ta tambaye ta abin da ya fi ƙarfinta ba.

Ta uku ita ce karo, kuma a nan ne rai ya ke. An ƙera gaban mota don ya tattare kamar zugazugi ya shanye bugu, ɗakin fasinja kuwa ya tsaya yadda ya ke. Sandunan nan biyu na gaba da ke riƙe da inji, kowace fallaye biyu ne da aka haɗa da jerin ɗigon walda suka zama bututu. In ɗigon sun riƙe, bututun ya naɗe ninki bisa ninki, ya cinye ƙarfin karon. In kuwa suka ɓalle ɗaya bayan ɗaya kamar maɓallan riga, bututun ya buɗe, ya zama fallaye biyu marasa ƙarfi, bugun ya wuce zuwa ƙafafun direba. To, ɗigon waldar da aka ce wa kwamfuta ba ya tsinkewa har abada, kullum naɗewa mai kyau zai nuna. Don haka a lissafin karo tilas a koya wa kowane ɗigo yadda zai mutu.

Me ya hana a zana kowane ɗigo dalla dalla, da ƙananan gutsattsari ɗari biyu ko uku, a bar shi ya tsage da kansa? Lokaci ne ya hana. Karo da bango a gudun kilomita 56 a awa, irin gwajin da Amurka ta fara yi wa sababbin motoci a ƙarshen shekarun 1970, ya kan ƙare cikin kamar kashi ɗaya cikin 10 na sakan. Kwamfuta tana bin wannan ɗan lokaci taki taki, kuma doka ce takin kada ya wuce lokacin da amo zai ɗauka ya ƙetare gutsuren da ya fi kowane ƙanƙanta. Amo yana gudun wajen mita 5,000 a sakan cikin ƙarfe. Gutsure mai milimita 5, amo zai ƙetare shi cikin kashi ɗaya cikin 1,000,000 na sakan. Taki 100,000 ke nan kafin karon ya ƙare, kowane taki kuma sai an lissafta gutsattsari miliyoyi. In ka sa gutsure mai rabin milimita a ɗigo guda tak, duk motar sai ta rage taki sau 10, kamar ayarin da ke jiran jaki guda mai ɗingishi. A 1986, sa'ad da aka fara samun lissafta karon mota sukutum cikin dare guda, motar Volkswagen Polo ce, da gutsattsari 'yan dubbai kawai aka yi. Yau sun kai miliyoyi, amma har yanzu ɗigon walda dunƙule guda ne ko 'yan kaɗan.

Abin da a ke yi shi ne a koma ɗakin gwaji. A yanka 'yan fallaye, a haɗa su da ɗigo guda, a ja su a inji har su rabu: waɗansu a ja su a kwance kamar mai zare takarda daga ƙarƙashin littafi, waɗansu a ja su a tsaye, waɗansu kuma a ɓare su daga gefe kamar ɓawon ayaba. A ɓarewa ɗigo ya fi rauni nesa ba kusa ba. Lambobin da aka samu su a ke ba kwamfuta, a ce mata in ja da murɗi a kan wannan ɗigo suka kai kaza, ki cire shi. Walda mai kyau, in an tsananta mata, ba ta rabuwa a tsakiya. Fallen ne ke yagewa kewaye da ita, ya bar dunƙulen manne a ɗaya gefen kamar maɓalli. A masana'anta ma haka a ke dubawa, a cusa ƙarfe mai kaifi tsakanin fallayen a buga da guduma a ga ko maɓalli zai fito.

Akwai wata sabuwar wahala da ƙarfen zamani ya kawo. Ginshiƙin nan da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, a motoci da yawa yanzu da wani ƙarfe a ke yinsa mai ɗan sinadarin boron, wanda a ke dannawa yana ja wur a sanyaya shi nan take cikin injin. Ƙarfen bodi na da ya kan tsinke a wajen kilo 30 bisa kowane murabba'in milimita, wannan kuwa sai wajen kilo 150. Amma ƙwarinsa daga horon wuta ya samo shi, zafin walda kuma yana warware horon a wani siririn zobe kewaye da kowane ɗigo. In mota ta bugi gefe ginshiƙin ya miƙe, daga zoben nan tsaga ta kan tashi. Zoben bai kai faɗin idon raga ba, saboda haka sai an rage wa gutsattsarin wurin ƙwari da gangan, in ba haka ba kwamfuta ba za ta san yana nan ba.

Mu juya ga noti, watau kusa mai zare da abin da a ke murɗa mata. Da shi a ke ɗaure kujeru, da bel ɗin kujera, da inji, da ƙafafu. Mutane da yawa suna tsammani noti yana riƙe ƙarfe biyu ne kamar yadda tsinke ke riƙe nama. Aikinsa na gaskiya matsewa ne. In ka murɗa shi, sandar tana miƙewa kaɗan kamar roba, tana danne fallayen da ƙarfi ƙwarai, gogayyar da ke tsakaninsu kuma ita ke hana su zamewa. Ku duba kan noti za ku ga lamba kamar 8.8. Ma'anarta ƙarfen zai tsinke a wajen kilo 80 bisa murabba'in milimita, kuma zai fara miƙewar da ba ta komawa a kashi 8 cikin 10 na wannan. Noti mai kaurin milimita 10 na wannan aji, in ka sa nauyin kilo 20 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 25, zai matse fallayen da ƙarfin da ya kai tan 2 da rabi. In gogayyar fuskokin kashi ɗaya ce cikin 5, sai turi ya kai rabin tan kafin su zame. Abin mamaki, wajen kashi 9 cikin 10 na ƙarfin hannunka a gogayyar zare da ta ƙarƙashin kan notin ya ke ƙarewa, kashi ɗaya kaɗai ke zama matsewa. Shi ya sa ɗigon mai a kan zare, ko tsatsa, ya kan canja matsewar ƙwarai alhali sifana ba ta nuna wani bambanci ba.

A cikin lissafi, in nauyin da noti ke ɗauka kaɗai a ke nema, 'yar sanda da saƙar gizo a kowane gefe ta isa. In kuwa ana son a san ko mahaɗin zai zame ko zai buɗe, tilas a fara ɗaure notin a cikin kwamfuta kafin a ɗora wa motar kome. A kan yanke sandar a tsakiya a lissafce, a rage mata tsawo har matsewar ta kai yadda a ke so, a kulle ta a nan. Waɗansu kuma su kan ce wa kwamfuta sandar ta yi sanyi ta tsuke, abin ya zo ɗaya. Bambancin da wannan ke kawowa babba ne. Notin da ke matse, in aka ja mahaɗin, ɗan kashi kaɗan na jan ya ke ji, sauran yana tafiya ne wajen sassauta dannewar fallayen. Notin da ya saki kuwa duk jan a kansa ya ke, sau dubbai a kowace tafiya, har ya gaji ya karye. Wani injiniya Bajamushe, Gerhard Junker, ya nuna a 1969 cewa jijjigar da ke zamar da fallaye gefe da gefe ita ta fi kwance noti, har yau kuma da irin injinsa a ke gwada washa da sauran abubuwan hana kwancewa.

Ribiti da gam ba zan daɗe a kansu ba. Alminiyam ba ya son waldar ɗigo, don yana kwashe zafi da lantarki da sauri, saboda haka motoci irin Audi A8 ta 1994 da Jaguar XJ ta 2003 an yi amfani da ribiti da yawa wajen haɗa bodinsu, irin wanda ke huda fallen sama da kansa ya buɗe ƙafafu cikin na ƙasa ba tare da ya fasa shi ba. Ana lissafta shi kusan yadda a ke yi wa ɗigon walda, sai dai shi yana da sama da ƙasa, in an juya shi amsa ta canja. Gam kuwa shimfiɗa ce wadda ba ta kai rabin milimita ba, tana raba nauyi a duk tsawon mahaɗi, kuma halinta yana bin yanayi: ta yi laushi a zafi, ta yi gautsi a sanyi. Gilashin gaba ma da gam a ke manna shi, kuma yana daga cikin abubuwan da ke hana bodi murɗewa.

Kada wani ya ce duk wannan tsanani ne na malaman makaranta. Zan kawo misali guda, ko da ya ke ba na mota ba ne. A ran 23 ga Agusta 1991, wani ƙaton gini na kankare mai suna Sleipner A, wanda aka yi don haƙar gas a teku, ya nutse kusa da Stavanger ta ƙasar Norwe ana cikin gwada shi. Ba a rasa rai ba, amma hasarar ta kai wajen dala miliyan 700. Da aka bincika sai aka tarar ragar da aka saƙa a inda bangaye su ka haɗu ba ta da kyau, ta rage wahalar wurin da kusan rabi, aka yi ginin bisa wannan amsa.  A mahaɗi kaɗai aka yi sake.

Akwai kuma abin da ya shafe mu nan ƙasar kai tsaye. Duk lissafin nan da na bayyana, na motar da ta fito daga masana'anta ne, da ɗigonta dubu huɗu kowane a wurinsa. Motar da ta yi haɗari aka yanke gabanta aka jona na wata, ko aka gasa ginshiƙinta da wutar gas aka miƙe shi da guduma, ta fita daga cikin lissafin, ko da fenti ya rufe kome. Masu gyaran bodi na ƙasarmu gwanaye ne, na kuwa san da yawansu aikin hannunsu abin a tsaya a kalla ne, amma wutar da ke miƙe ƙarfen da, ita ke kashe ƙwarin ƙarfe mai boron, shi ya sa kamfanonin mota su ke cewa a canja shi, kada a gasa. Haka kuma kujerun da a ke ƙara wa bas. Dokar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 14 a kan ƙera motoci ta ce a gwada maɗaurin bel na ƙaramar mota da jan da ya kusa kilo 1,400 a ɗamarar kafaɗa, da wani kamarsa a ta ƙugu, a lokaci guda. Don haka a ƙarƙashin kowane irin notin nan masana'anta ta kan sa farantin ƙarfe mai kauri. Noti huɗu da aka zura a fallen daɓe mai milimita 1 ba faranti, notin ba zai tsinke ba, fallen ne zai yage ya sake shi, kujera ta tashi da mutanenta.

Ga wani gwaji da ku masu shirin fita koyarwa za ku iya yi da yara, ba ya bukatar kwamfuta. Ku sami kwali marar kauri, ku yanka guda uku daidai wa daida, ku naɗe kowane ya zama bututu mai kusurwa huɗu, tsawon kamu ɗaya, da ɗan leɓe a inda bakunan suka haɗu. Na farko ku maƙale leɓen da ƙusar takarda 3, na biyu da 12, na uku ku shafe shi da gam tun daga sama har ƙasa ku bari ya bushe. Ku ba yaro guda ya murɗa su ɗaya bayan ɗaya, sauran su zuba ido a kan leɓen, za su ga yadda ya ke buɗe baki tsakanin ƙusa da ƙusa a na farkon. Bayan wannan ku tsai da kowane a ƙasa, ku ɗora masa littattafai ɗaya ɗaya har ya durƙushe, wani yaro yana rubuta adadin a allo. Ku ajiye kwali na huɗu wanda ba a haɗa bakinsa ba sam, ku bar shi sai ƙarshe, kuma kafin a taɓa shi ku sa kowane yaro ya rubuta a takardarsa littafi nawa ya ke tsammani zai ɗauka.